Bargon da Ba na Kowa Ba

A unguwar Tayuri da ke Sabha, can Libiya, in ka tambayi Hafsatou ba wanda zai gane wadda kake nufi. Ka ce Maman Hachimou mai tuwon leburori, yanzu a nuna maka ƙofar langa-langar nan mai shuɗin fenti. Siririyar mace ce, 'yar wani ƙauye a bayan Tanout, kuma Allah bai halicce ta da zama ba. Tana tuƙa tuwo tana sharar tsakar gida, tana amsa gaisuwarka ƙafarta ɗaya ta riga ta fita waje. Maigidanta yana gadin wata gonar dabino a Ghuddwa, sai Juma'a yake leƙowa, kuma yakan ce shi hutunsa yana can gona, don a gida kallon kai-komonta kaɗai jiri yake sa shi. Ɗansu Hachimou yana aikin gini a Gurda. Duk unguwar ta ɗauka shi ne babba a ɗakinta.

Ba shi ba ne. Akwai Bara'atu, 'yar fari, wadda kakarta ta ɗauka tun ranar yaye kamar yadda ake yi a garinsu. Hafsatou ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. In magana ta kama dole sai ta ce "yarinyar nan". Kunyar 'yar fari ce, haka ta ga uwarta ta yi, kuma ba wanda ya taɓa ce mata kunyar tana da ranar ƙarewa. Lokacin da suka taho Sabha yarinyar ko ɗaurin ɗankwali ba ta iya ba. Har aka yi aurenta Hafsatou na nan tana zuba wa masu jiran aiki miya a bakin titi.

Sai ga saƙon murya daga ƙanwarta Kadidiatou. Ta yi gaisuwa, ta faɗi tsadar hatsi, ta lissafo waɗanda suka rasu, can a ƙarshe kamar ta manta ta ce yarinyar nan fa ta yi nauyi, ana sa rai cikin sanyi. Hafsatou ta saurari saƙon har wayar ta ɗauki zafi. Haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta. Uwa ce ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke faɗa in mai jego ta yi ƙyuya. Ita kuwa ga hamada shimfiɗe tsakaninta da tukunyar ruwan. Abin ya tsaya mata a rai, ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta tono kwarashinta na saƙa daga ƙasan akwati. In ba ta je ba, ai wani abu daga hannunta ya kamata ya taɓa jikin jaririn.

Saƙa dai ta koye ta tun tana budurwa a gidan koyon sana'ar mata na Tanout, amma a gaskiya ba ta taɓa kai komai ƙarshe ba. Rabin hula, safa ƙafa ɗaya, iyakar tarihinta ke nan. Wannan karon ta je wurin masu gwanjo ta zaɓo rigunan sanyi masu laushi, ta warware su, ta jiƙa zaren a ruwan ɗumi har lanƙwasarsa ta miƙe, ta shanya, ta dunƙule. Ta ja sarƙa mai tsawon hannu biyu ta hau saƙa, in ta kai ƙarshen layi ta juya. Ratsin da mutane suka riƙa yabawa daga baya ba wata gwaninta ba ce. In zaren riga ɗaya ya ƙare sai ta ɗaura na wata: fari, ruwan ɗorawa, kore, fari kuma.

Wanda zai kai saƙon shi ne Mainassara, direban da ke jigila tsakanin Sabha da Agadez, daga can ya miƙa wa 'yan Tanout. Shi kuma ba shi da rana. In mota ta cika, labarin hanya ya yi kyau, sai ya tashi. Wannan ne ya hana Hafsatou sakat. Kullum in ta sauke tuwo sai ta bi ta garejin ta leƙa ta ga inda kaya suka kai, ta dawo da sassarfa. Kuma hannun mai gaggawa matse zare yake. Wata rana ta shimfiɗa bargon ta ga ya tsuke daga sama kamar siket, ta zage kanta tas, ta warware ratsi biyu ta sake.

Maƙwabciyarta Zouhoura, wata yarinyar mace 'yar Maraɗi da ke aikatau a gidan wata Hajja Balarabiya, ta sha tambayar na wane ne. Hafsatou ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ba na kowa ba ne. Hannu ne ke ƙaiƙayi."

To me za ta ce? Ciki ba a shelarsa, balle cikin 'yar fari. Zouhoura kuwa baiwar Allah, abin da aka faɗa mata shi ta ɗauka. Ta ɗauki hoton bargon ta nuna wa Hajja, wadda surukarta ta haihu a satin, ita Zouhoura tana ganin ta samo wa Maman Hachimou kasuwa.

Ranar da Mainassara ya aiko cewa bayan la'asar zai tashi, bakin bargon kawai ya rage. Hafsatou ta bar shi a kan tabarma da kwarashin soke a jiki, ta ruga kai tuwon rana. Ta dawo ta iske farar mota a ƙofar gida, matan layi sun taru, Zouhoura na ta murmushi, bargo kuma a ninke a hannun Hajja. Dattijuwar tana shafa shi a kumatu tana masha Allah, tana cewa da Larabci bakin da bai ƙare ba ba komai, haka ma ya yi.

Hafsatou ta tsaya da kwanukan tuwo a ka. Hajja ta tambaye ta ko ta tafi da shi. Kuma don a san kunya ba wasa ba ce, sai ta ji bakinta ya ce "bahi", wato to, har da ɗan murmushi. Hajja ta yi godiya ta nufi mota. Hafsatou na kallon ratsin ɗorawar nan da ta warware ta sake, yana tafiya a hammatar wata. Babu zaren saƙa wani, babu sauran lokaci, motar Mainassara kuma ba ta jiran kowa. Sai da aka buɗe ƙofar motar Hajja ta dire kwanukan, ba ta ko duba inda suka faɗi ba, ta je ta kama gefen bargon.

"Na Bara'atu ne," ta ce.

Sunan ya fito mata kamar na baƙuwa. Zouhoura ta matso.

"Mama, wace ce Bara'atu?"

"Ɗiyata ce. Ita na fara haifa. Ta kusa sauka."

Wata tsohuwa a cikin matan ta rufe baki da mayafi, don a wurinsu wannan magana ba ta fitowa daga bakin uwa. Zouhoura ta juya ta yi wa Hajja bayani. Hajja ta sakar mata bargon nan take, ta hau yi mata faɗa irin na tsofaffi, wai mace za ta yi jika ta ɓoye kamar ta yi sata. Hafsatou ba ta ji rabin faɗan ba. Kunya ta ji, har cikin ƙashinta, amma ba ita ta fi ci mata rai ba. Shekara da shekaru bango ɗaya ya raba ta da Zouhoura, gishiri ɗaya suke ara, kuma yarinyar ba ta san tana da 'ya ba. Duk garin nan ba wanda ya sani.

Ba ta shiga gida ba. A tafe ta ƙarasa bakin bargon, tana saƙa tana tuntuɓe, Zouhoura na biye da ita riƙe da dunƙulen zare. A ƙofar gareji ta ja madauki na ƙarshe, ta datse zaren da haƙori, ta cusa bakinsa ciki. Kusurwa ɗaya ta ɗan karkace, ta bar ta haka.

An riga an ɗaure jarkokin ruwa, fasinjoji sun hau saman kaya sun naɗe fuska da rawani. Mainassara ya karɓi ƙunshin ya tura ƙarƙashin kujerarsa, ta faɗa masa sunan ƙauyen da gidan da za a kai, ta faɗi sunan mai shi a karo na biyu a rana ɗaya.

"To, in ce daga wa?"

Ta buɗe baki za ta ce daga Yaya Hafsatou, don haka yarinyar ke kiranta tun tana koyon magana, ba ta san wani suna ba. Injin yana ta ruri, Mainassara yana jira da ƙafa ɗaya a cikin mota.

"Ka ce a faɗa mata daga uwarta ne," ta ce.