Wanzamin da Ya Gane Ƙeyar Dutse

Shekara arba'in da biyu Shamroz ya yi yana aski a kasuwar Barikot, kuma duk kwarin Swat babu wanda ya kai shi sanin ƙeyar mutane. Fuska kam yakan manta, har da ta surukinsa. Amma juya masa baya, sai ya faɗa maka sunanka da na ubanka.

Da hannunsa ya fara rawa, ya yanki kunnen mutum biyu a mako guda, sai mazan garin, jarumawa, suka gwammace su bar suma. Matarsa Bakht Zari ta ce, "Tafi tudu wajen masu tonon gumaka, tsoho. Dutse ba ya jini."

Haka ya koma tsohon wurin ibadar mabiya Buddha da ake haƙawa a bayan gari, da buroshinsa na kumfar aski, yana share wa gumaka ƙasa. Sai dai shi gyaran fuska yake musu. Gashin bakin gunki guda sai ya wuni a kansa. Fazal Wahid, shugaban leburori, ya gaji ya ce Alhamis ce ranar Shamroz ta ƙarshe a aikin.

Alhamis ɗin da hantsi sai ihu ya tashi. An tono kai! Kan dutse, gemu cunkus, suma a nannaɗe, hanci miƙaƙƙe. Dakta Palwasha, mai jagorantar aikin, har gyalenta ya zame don murna. Ta ce mai gadin Buddha ne, an sassaƙa shi da kamannin jaruman Girkawa. Tun bara akwai gangar jiki biyu marasa kai a rumfa, kowa kuwa ya nuna babban, mai faffaɗan ƙirji. Fazal har ya fara kwaɓa abin mannawa.

Shamroz ya zagaya ta baya, yadda ya saba, ya leƙa. Ya ce, "Wannan kan ba nasa ba ne."

"Kaka, koma ka sha shayinka," in ji Fazal. "Nan babu kunnen da za ka yanka."

"Kai rufe mana baki! Na san ƙeyarka tun tana da gashi."

Wurin ya kaure da dariya. Dakta ta matso ta ce, "Kaka, me ka gani?"

"'Yata, dubi nan. Silin gashi uku sun sauko ƙeya, sun karkata hagu, sun karye. Wannan ƙaton wuyansa sumul, kamar yau na aske shi. Ina ragowar gashin ya tafi? Juya min ƙaramin can."

Mutum huɗu suka juya shi. Shamroz ya sa buroshi ya share laka daga kafaɗar hagu, sai ragowar silin gashin ya fara bayyana. Ɗaya. Biyu. Ga na uku! Aka ɗora kan, ya zauna daram, sili ya haɗu da sili. Leburori suka yi ta jifa da huluna sama, Dakta kuwa ta ce duk kan da aka tono daga yau, sai ya bi ta hannun Shamroz. Fazal ya tsaya yana shafa sanƙonsa.

Da ya koma gida Bakht Zari ta ce, "To, barka. Ka samu masu son aski da ba sa gudu."

Yana can har yanzu da buroshinsa. Abu ɗaya ke ci masa rai: wai wanzamin Girkawan da ya yi wa kan dutsen nan aski ya bar gefen hagu ya fi tsawo, kuma an hana shi gyarawa.