Shi Ke Harbi, Ni Ke Yanka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina kasuwar Dungas ina auna wake sai ga Lawali, babban ɗan yayana, ya diro daga amalanke ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya tsuguna gabana ya ce, "Baffa Isa, Baba ya cika da hantsi." Na bar waken a hannun maƙwabcin rumfa, muka kama hanyar gida. Kafin mu isa an yi masa wanka an haɗa shi, ni kaɗai ake jira. Haka Allah ya karɓi ran Yaya Mamman maharbi, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya da shi, bayan tarin da ya daɗe yana cin ƙirjinsa.

Mutane da yawa sun zo, har daga Yekuwa da Magarya, kowa da alherin da yake tunawa. Duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni kuwa zan faɗi nawa yadda yake, domin marigayin bai taɓa son kwana-kwana ba. Na ƙaunaci Yaya Mamman, kuma na yi kishinsa tun muna samari. Ina rubuta wannan ma kishin bai gama barina ba.

Yaya ya yi sojan Faransa, ya dawo ƙauyenmu da ke kusa da Dogo-Dogo da ɗan abin hannunsa da izinin riƙe bindiga daga wajen kumandan, Baturen mulki. Sauran maharba bindigar toka suke ɗurawa, shi kuwa karabin biyu gare shi, bindigogin Turawa masu harsashi. Ƙaramar, wadda 'yan boko ke cewa lambarta ashirin da biyu, harsashinta bai wuce ƙwayar wake ba, ita ya sa wa suna 'Yar Auta. Babbar ya saye ta wajen wani Bature mai awon gyaɗa da zai koma ƙasarsu. Harsashinta ya kai yatsa, in ta yi magana har ƙauyen gaba sai an ji. Ita ce Gwaggo. Gwaggo ta gyadon da ke ɓarnar gona ce, da kurar da ta saba da garke, da gwanki in an yi tafiya mai nisa an dace. Barewa da gada kuwa na 'Yar Auta ne.

Ni wuƙa ce rabona. Liman ya sha faɗa cewa in maharbi ya yi bisimilla kafin ya harba, naman ya halatta ko dabbar ta mutu kafin a iso. Amma a garinmu, tun daga kan mahaifiyarmu, ba mai sa naman da ba a yanka ba a bakinsa, mushe suke kiransa. Yaya bai taɓa jayayya da liman ba, bai kuma taɓa kawo wa jama'a naman da za su ci da shakka ba. In an tayar da maganar sai ya yi murmushi ya ce, "Malam yana da littafi, ni ina da ƙane." Aikina ke nan. Da bindiga ta tashi sai in zura da gudu cikin ƙarangiya da ƙaya, in riski barewar da sauran ranta, in juya ta alƙibla in yanka.

Nan ne zaɓen harsashi ya zama abin lura a wajensa. Babba yakan kashe nan take ya farfasa kafaɗa, ga asarar nama, ga shi wuƙa ba ta samu rai ba. Ƙarami kuma in an harba daga nesa, ko an kuskure wuri, dabba takan tafi da rauni ta mutu inda ba mai ganinta sai ungulu, wannan kuwa Yaya zalunci yake kiransa. Don haka yakan yi rarrafe har gwiwarsa ta yi kanta, ya matsa kusa, kana ya harba. Yana yawan cewa, "Harsashi da ƙafa ake zaɓensa, ba da ido ba." Na ji wannan magana sau ba adadi, na ɗauka gwiwarsa yake nufi.

In mun shigo gari ni ne da barewa a wuya, jini na bin rigata, ƙafafuna duk ƙaya. Amma abin da mata ke faɗa ta kan danga shi ne, "Mamman ya samo." Shi ke rabo, kuma hannunsa a buɗe yake. Cinya ta maigari ce, hanta ta tsohuwar da ba ta da kowa ce, mai jego kuma ba a mance ta. Ni ma kasona bai taɓa yin ƙasa da nasa ba, ban isa in yi masa wannan ƙarya ba. Sai dai godiya duk ƙofarsa take zuwa. Matata da kanta in ta dafa sai ta ce wa yara su zo su ci naman Baba Mamman. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na haɗiye, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma abin yana ci na.

Sau ɗaya na buɗe baki a farkon al'amarin. Na ce masa ni ma ɗa ne, ba kare ba ne da za a riƙa sakina bayan nama. Bai yi fushi ba. Washegari ya ajiye bindigogin biyu a gabana ya ce in ɗauki wadda nake so. Wa zai ga Gwaggo ya ɗauki 'Yar Auta? So nake gari ya ji ƙarata. Na hango barewa can nesa, ban ɓata lokacin rarrafe ba, na saki. Na same ta kuwa. Kafin mu isa ta riga ta sandare, gabanta ya dagargaje. Yaya ya tsaya ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Hannunka na da kyau, Isa. Karnuka za su gode." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ko a gida bai ba kowa labari ba. Wannan rufin asirin ma ya ba ni haushi, da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na koma ga wuƙata, ban ƙara tambaya ba.

Sai shekarun fari suka zo. Dabbobin gida suka faɗi, na dawa suka yi nisa. A waɗannan shekaru Yaya ya sha ganin barewa ya sauke bindiga, in mace ce mai ciki ko mai shayarwa, alhali gidansa ba abin da za a ɗora. Na yi masa gunaguni, ya ce wanda ya ci uwa bana ya ci rabon baɗi. Gwaggo kuma ya shafe ta da mai ya naɗe a tsumma, don manyan namun sun ƙare a ƙasarmu. A lokacin ne tarin ya fara kama shi, idonsa ma ya soma hazo.

Fitarmu ta ƙarshe, gab da hukuma ta hana farauta, shi ya zo ƙofata da sassafe ɗauke da bindigogin biyu. Muka yi gabas da Dogo-Dogo, yana tafe yana hutawa. Rana ta ɗaga muka ga namijin barewa shi kaɗai a gindin wata aduwa. Yaya ya ajiye bindigogin a gabana kamar wancan karo, ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni wuƙar."

Na ce, "Yaya, da wannan ƙirjin za ka yi gudu?"

Ya ce, "Sai ka duba ƙafata ka zaɓa."

Na dubi ƙafafun nasa, sun rame kamar karan dawa. In na ɗauki Gwaggo, barewar za ta mutu kafin ya yi rabin hanya. In na ɗauki 'Yar Auta na harba daga nan, za ta ja shi gudun da ba zai iya ba. Dole in matsa har inda tsoho mai tari zai iya kaiwa. Na ɗauki 'Yar Auta, ina cikin rarrafe maganarsa ta harsashi da ƙafa ta faɗo mini. Ashe duk shekarun nan ƙafata yake aunawa. Na tuna ranar da ƙaya ta kumbura mini diddige, yadda ya yi ta jan ciki har na ƙosa, ina cewa a raina son a yaba masa ne.

Na matsa har ina ganin motsin kunnenta, na yi bisimilla na harba. Ta faɗi tana shure-shure. Sai ga Yaya Mamman, mai furfura, tsohon soja, ya wuce ni da gudu wuƙa a hannu. Ya faɗi, ya tashi, ya isa, ya yanka. Na tarar da shi zaune kan rairayi yana tari yana dariya, ya ce ashe aikin nan da wuya.

Muka shigo gari, barewa a wuyana kamar kullum, mata suka leƙo suka ce, "Mamman ya samo." Na juya na dube shi. Wannan rana ɗaya nake nema a duk rayuwata, ya buɗe baki ya ce a'a, Isa ne. Tari ya sarƙe shi, ya dafa danga, ya shige gida. Bai faɗa ba ranar, bai faɗa ba daga baya, ni kuma girman kai ya hana ni roƙo. Na yi jinyarsa, na kai shi likita Magarya, na noma gonarsa, amma wannan magana tana nan tsakaninmu har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, liman ya ce yana da amana. Ya ce marigayi ya kira shi kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ya ce a faɗa wa jama'a: "Ban taɓa ciyar da garin nan nama ba. Ni tsayar da dabbobin kawai nake yi, wuƙar Isa ce ke halatta su. Ta ƙarshen ma shi ya tsayar." Liman ya ƙara da cewa marigayi ya ce a ba ni bindigogin biyu, don yanzu na san wadda ake ɗauka.

Jama'a suka juyo suna kallona, abin da na shekara da shekaru ina so. Ban ji daɗin komai ba. Kuka na yi, kuma cikin kukan kishin liman nake, da kunnensa ya ji wannan magana daga bakin Yaya, ni da na kwana na tashi a gefen shimfiɗarsa ban ji ba. Ga 'Yar Auta da Gwaggo a ɗakina, an hana farauta, dawa ta zama fayau, wanda nake so ya ga harbina kuma yana ƙarƙashin ƙasa.

Allah ya jiƙan Yaya Mamman, ya gafarta masa, ya sa kabarinsa ya zama dausayin Aljanna. Yadda bai bar dabba ta wahala a hannunsa ba, Allah kada ya bar shi ya wahala. Allah ya ba matarsa Hajara haƙuri, ya shirya Lawali da ƙannensa, ya ba ni ikon riƙe su yadda ya riƙe ni. Kullum shi ke farawa ni in biyo baya da gudu, wannan karon ma ya riga ni. Ya Allah, ranar da zan iso, ka sa in tarar da shi cikin rahamarka, ya faɗa mini da bakinsa. Amin.