Kakin da Yaya Isiyaka ya ƙi ƙonawa

Shekara tara ke nan, amma har yau ina jin ƙaurin kifin da ya ƙone mini a ranar. Ina bakin teburina a unguwar Treichville ta Abijan ina suya, sai ga Tanti Awa, maƙwabciyar yayana a unguwar Bromakoté, ɗankwalinta a hannu. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Ramatu, sun tafi da Isiyaka. Sun ga buhun."

Ban tambaye ta wane buhu ba.

Yaya Isiyaka mai gyaran talabijin ne a kasuwar Black Market ta unguwar Adjamé. Tun ba mu taɓa jin ƙarar bindiga a garin nan ba, ya ƙudiri shirya wasan kwaikwayo a kan wani zamani mai zuwa da soja za su riƙe ƙasa: dokar hana fita, shinge a kowace mararraba, mutum ya fita sayen burodi shi ke nan. Ya ari kamarar masu ɗaukar biki, ya tara abokansa. Kakin sojan kuwa cikin dilar gwanjo ya tsinto su, yadda kowa ke tsintar wando a kasuwar. Ni ya ba matsayin uwar da ke bin ofis-ofis tana neman ɗanta.

Ya kai abin da ya ɗauka gidan talabijin, ba su karɓa ba. Sai ya riƙa kunna kaset ɗin a shagonsa, a jikin akwatunan talabijin da masu su ba su zo ɗauka ba. Mutane su taru su yi ta dariya.

"Kai Isiyaka, nan fa Abijan ce! Soja a nan? Rage cin tuwo da yawa, ka daina mugun mafarki."

"Ai shi ya sa ake ce masa wasa," in ji shi.

Daga baya dariyar ta ɗauke. Shingayen suka zo da gaske, aka fara bin unguwanninmu gida-gida. Kowa ya ƙone abin da zai jawo masa tambaya, har wando mai ruwan ganye. Na hau mota na je na same shi.

"Yaya, don girman Allah ka ƙone kayan nan."

"To da me zan ɗauki kashi na ƙarshe? Da zanenki?"

Sannan ya faɗa mini yadda ya tsara ƙarshen. Da safe sojojin za su tsaya a bakin ruwa, su tuɓe kakin, su ninke, kowa ya nufi gidan uwarsa da rigarsa ta gida. Ya ce in ya ƙone su, wasan ya tsaya ke nan a inda suke mulki, kuma shi ba zai bar mutane a can ba. Ya ƙara tura buhun ƙarƙashin gado da ƙafa.

Waɗanda suka zo ba su nemi ganin kaset ba. Tanti Awa ta ce ya yi ta faɗa musu wasa ne, da Faransanci, da Julanci, yaren kasuwar garin. Na bi ofis-ofis. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau shi ne, maganganun da ya sa a bakina cikin wasan su ne suka riƙa fito mini a gaban masu gadi. Daga ƙarshe an ba mu shi, muka yi masa sutura.

A bana ma, da faɗa ya sake tashi, mun kwana a ƙasa, muna jin harbi ta tsallaken ruwa. Ina tambayar kaina me zai ce da yana nan. Ban jin zai ce "ai na faɗa muku". Bai taɓa son ya zama mai gaskiya a wannan maganar ba. Da gari ya lafa, na kunna wa 'yarsa Mariyama kaset ɗin, ita da Hausa ke yi wa nauyi a baki. Ta kalla, can ta tambaye ni da Faransanci ko tsoffin labarai ne.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Akwatunan da ka gyara sun mutu, shagon kuma wani ne ke sayar da waya a ciki. Kaset ɗin yana wurina, cikin akwatin kayana. Kashi na ƙarshe ba a ɗauke shi ba.