Ranar da Aka Matse Muryar Kakata

Shekarun baya, da matata ta haifi 'yarmu ta fari, na dage sai na ɗauki muryar kakata. Ita kaɗai ta rage a Zongon Lome da ta iya waƙar sunan gidanmu, wadda ke jero kakanni tun daga Katsina har bakin teku. Tana yi tana ƙwanƙwasa ƙwarya da zobenta na azurfa. Ta ja mini rai ba kaɗan ba. "Kai maigidan, ko goro ba ka saya mini, muryar tawa za ka sa a aljihu?"

Bayan suna na kai ta ɗan studiyon abokina a unguwar Nyékonakpoè, da jaririyar da ƙwaryar. Ta yi waƙar nan tiryan-tiryan. Da muka saurara, wallahi har numfashinta ana ji, da ƙarar zoben, da dariyar da ta yi da sunan wani kaka ya ɓace mata. Ni kuwa ina ta hura hanci kamar ni na rera.

Na ce wa abokina ya ajiye mini asalin, ya yi wani ƙarami na tura wa dangi, don mutanen Kumasi da Kano kullum kukan data suke. Yana da wata manhaja mai maɓalli biyu, ɗaya na share hayaniya, ɗaya na matse sauti ya yi ƙanƙani. Ashe duka biyun ya murɗa har ƙarshe.

Abin da ya turo mini, Allah ya sawwaƙe. Muryar ta koma can ƙasa-ƙasa, tana rawa. Zoben babu shi, manhajar ta ɗauke shi hayaniya ta share. Dariyar ma ta zama wani tsaki. Na hau babur na same shi, na ce ya ba ni asalin.

"Ai na goge," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Kwamfuta ta cika, ga aikin wani mawaƙi. Mene ne? Kalmomin ai duk suna nan, ga shi ya yi léger, ba nauyi."

Léger! Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, kalmomi na kawo maka? Da kalmomi nake so ai da na rubuta a takarda. Tsohuwa na ɗauko da ciwon ƙafa!" Ya ce in sake kawo ta mana, kamar buhun gari ce a kasuwar Adawlato.

Na koma na roƙe ta. Ta ce waƙar suna sau ɗaya ake yi wa jariri, an riga an yi wa wannan, in jira haihuwa ta gaba. Kafin matata ta sake haihuwa, Allah ya yi wa kakata rasuwa.

Abin da aka matse aka zubar ba ya dawowa, na kai wa masana da yawa, duk haka suka ce. Yanzu ko karatun yara na ɗauka, asalin yana hannuna kafin kowa ya taɓa. Da abokin nawa muna gaisawa, amma iyakarta ke nan, har yau ina jin haushinsa.

Kwanaki na kunna wa 'yar tawa, na ce ga waƙar da aka yi mata. Ta kasa kunne, sannan ta dube ni ta ce, "Baba, a cikin rijiya Kaka take?"