Gefen Motar da Siman Bai Rubuta Ba

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, Yael ta kira ni da hantsi ta ce, "Kawu Fabian, Baba ya tafi." Babanta shi ne Siman Datong, mai rubutun allon shaguna da jikin motoci a unguwar Kabong. Ciwon ƙirji ne, bai ko kai asibiti ba.

Siman, ni mutum ne da ban saba neman taimako ba. Da keke na fara tallar burodi, yau ina da gidan burodi da motoci, babu wanda ya ɗora ni. Amma sunana da ake hangowa daga nesa, hannunka ne. Kai ka zana mini haruffan nan masu kauri, ja wur, sun karkata gaba kamar mai sauri zai tare mota. Da na ce ka rubuta adireshi da lambar waya da su, sai ka yi dariya ka ce, "Oga, waɗannan na ihu ne. Kalma biyu, uku, shi ke nan. In kowa na ihu, wa za a ji?" Ka rubuta sauran da sirara, a tsaye.

A jikin mota kuwa kana da taka al'ada. Gefen dama, haruffa su karkata dama. Gefen direba sai ka juya karkatar zuwa hagu, domin duk su fuskanci gaban mota. Ka ce motar da sunanta ya jingina baya, kamar ribas take yi da arzikin mai ita. Tun ina yi maka tsiya har na daina iya kallon motocin wasu.

Sabuwar motata tana tsakar gidanka. Ka gama gefen dama ranar Asabar, ka ja layin alli a ɗayan, ka ce sai Talata.

Na je wurin masu buga sitika. Sun juya mini haruffan a kwamfuta, sun karkata hagun kuwa, amma kamar masu faɗuwa, ba masu tafiya ba. Na san ba daidai ba ne, na kasa faɗa musu inda za su gyara. Ashe ganin kawai ka koya mini.

Mama Magadaliya, matarka, ta roƙe ni motar don a kai kujeru ƙauye ranar jana'iza. Ni zan tuƙa ta, da layin allinka a gefena. Na hana a wanke ta, ko da yake na san ruwan farko na damina zai share shi, kuma ba ni da yadda zan yi.

Ubangiji ya ji ƙanka, Siman, ya ba ka hutawa a wurinsa. Mama Magadaliya, Yael, da dukan gidan Datong, Allah ya ta'azantar da ku, ya tsaya muku inda mu muka gaza.