Sunan Kakana a Baƙaƙen Dalma

Ko na manta komai na zamana a Doha, ba zan taɓa manta tafiyar da na yi ba da yardar kawuna ba. A lokacin ina karatun adana tsofaffin littattafai, ina zaune a unguwar Bin Mahmud, shi kuma yana garin Umm Salal da iyalinsa. Shi ne ubana a can. Makarantarmu ta shirya mana ziyara zuwa wani gari a gaɓar teku a Indiya, inda wata tsohuwar maɗaba'ar 'yan mishan take. Ina faɗa masa ya dire kofin shayinsa.

"Maɗaba'ar mishan? Ba za ki je ba. Abin da muka binne, ba ke za ki tono mana shi ba. Khalas, magana ta ƙare!"

Na san inda ya dosa. Mahaifinsu, wato kakana, ya shekara da shekaru yana aiki a irin wannan maɗaba'a a gida Najeriya. Musulmi ne har ya koma ga Allah, amma gorin 'yan unguwa ya sa 'ya'yansa suka koma cewa ɗan kasuwa ne. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, karatuna ne, kuma zan je."

Da muka isa, aka fara zagayawa da mu tsohuwar ganuwar bakin teku, da maƙabartar Turawa, da wani ɗan masallaci inda muka yi azahar. Sai maɗaba'ar: ɗaki ne mai duhu-duhu, yana warin tawada da man inji. Tsohon da ke kula da wurin ya jawo akwatin baƙaƙen dalma, wato haruffan da ake buga littafi da su, ƙanana kamar ƙwayar wake. Ya riƙa tsinto su yana jerawa kansu a ƙasa, yana karantawa a haka ba gargada.

Nan na tuna muna yara, kakana yakan zauna gaban mai riƙe da jarida ya karance ta a juye. Mu yi ta dariya, manya kuma su ce 'yan mishan ne suka juya masa kai. Ashe ƙwarewa ce! Wallahi kunya ta kama ni, haushi kuma ya biyo bayanta.

Tsohon ya ce kowa ya jera kalma guda a buga masa. Na jera sunan kakana. Sau biyu ina kuskure, na haɗa gumi a kan suna ɗaya tal, alhali mai sunan shafi guda yake jerawa.

Ranar Juma'a bayan na dawo, na je Umm Salal cin abinci, na ajiye takardar da aka buga sunan a gaban kawu.

"Ɗauke min wannan."

"Sunan mahaifinka ne, Kawu. Da wannan aikin ya ciyar da ku, ya kai ku makaranta. Ni dai daga yau duk wanda ya tambaye ni sana'arsa, gaskiya zan faɗa."

Ya tashi ya bar abincin. Matarsa ta ce na yi rashin kunya, ta ce in ba shi haƙuri. Na ba shi haƙuri a kan ɗaga murya, amma ban janye maganata ba. Na sa takardar a gilashi na rataye ta a ɗakina. Ya yi makonni ba ya ɗaga wayata, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ba ni da kowa a ƙasar sai shi.

Wata rana da la'asar sai ga shi, wai hanya ce ta biyo da shi. Ya daɗe tsaye a gaban takardar. Can ya sa yatsa a kan gilashin.

"Tazarar baƙaƙen nan ta yi yawa. Da Baba ya gani, sai ya sa ki wargaza ki sake."

Sai ya juya mini baya. Ashe duk shekarun nan ya san aikin, ɓoyewa kawai yake yi.

Tun daga ranar na gane cewa ba kowane abin da aka binne a gida ne abin kunya ba. Wani lokaci mutuncin mutum ne aka binne saboda tsoron bakin mutane, kuma yana nan yana jiran jikan da zai taurare ya tono shi.