Gashin Ƙafar Tsoho

Lokacin da gwamnati ta taso daga Ikko zuwa Abuja, oga ya taso tare da ita. Ya zo da matarsa, da mota biyu, da kare. Ni kuma na baro ƙauyenmu a yankin Kwali bayan na binne matata, na kama gadi a gidansa a Maitama. Gida uku kawai aka gama a layinmu. Sauran jar ƙasa ce da bulo.

Karen yana da sunan Turawa. Ban taɓa kiransa da shi ba. Tsoho nake ce masa, don da furfura a baki ya iso.

Madam ba ta daɗe ba ta koma Ikko, ta ce garin nan ba kowa. Oga yakan bi ta ran Juma'a, sai Litinin. Nakan yi kwana uku ban yi magana da mutum ba, sai da Tsoho.

A damina ta biyu ya fara jan ƙafar baya. Da safe sai ya yunƙura sau uku kafin ya miƙe. Likitan dabbobi ya zo ya latsa ƙugunsa, ya ce sanyin ƙashi ne, ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. Oga na tsaye da makullin mota a hannu.

"Baba maigadi, kare nake so, ba majinyaci ba. Ranar da na dawo bai tashi ya tare ni ba, allura za a yi masa ya huta."

"To, oga."

Na san ciwon. Uwata ginin tukwane take yi, durƙuso kan yumɓu ya cinye mata gwiwa. Kasko muke ɗorawa a wuta, mu naɗe shi da tsumma mu gasa mata, mu bi da man kaɗe. Haka na yi wa Tsoho. Na ɗauke shi daga kan siminti na shimfiɗa masa buhuna. Na rage masa tuwo don ya rage nauyi. Ranar farko ya kai mini cizo. Daga baya da kansa yake miƙo ƙafar.

Gashin yakan riƙe shi kamar awa biyu. Sai na haddace lokacin oga. Ƙarfe huɗu yake shigowa, ƙarfe uku nake hura gawayi. Da an danna hon Tsoho zai miƙe, ya taka har bakin get, ya yi haushi biyu. Oga ya ce, "Ka gani? Lalaci ne kawai."

Direban oga ya sani. Yakan leƙo ya ce, "Baba, wannan gata ko mai jego ba ta samu."

"Ja motarka."

Bai taɓa faɗa wa oga ba.

Mun fi shekara a haka. Wata Litinin oga ya biyo jirgin safe. An yi ruwa, gari da sanyi, ko gawayi ban hura ba. Aka danna hon. Tsoho ya yunƙura ya faɗi ta gefe. Ya sake yunƙurawa, fitsari ya kufce masa. Oga ya sauko ya dube shi, ya dubi kaskon da tsumman.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Gobe likita zai zo."

"Oga, ba ni shi."

"Ka kai shi ina? Ba zai ƙara kwana gidan nan ba."

"Ni ma haka."

Na ari baro a wurin magina na sa shi ciki, jakata a gefensa. Na tura har unguwar Durumi, inda wani ɗan ƙauyenmu ya bar mini ɗakin kwano. Maƙwabta suka ce ba sa son kare kusa da inda suke alwala. Ban yi musu ba. Na kafa masa rumfa a baya, can nake wuni.

Ya kai har masara ta nuna. Wata safiya na taɓa shi na ji ya sandare. Ni kaɗai na haƙa ramin, ƙasar da tsakuwa, sai da rana ta take na gama. Na wanke hannu, na fita neman wani gadin.